Kakanmu ya rasu a Aboabo, ta ina za mu fara tattara tarihinsa?

Wani matashi daga Aboabo a Kumasi ya rubuto cewa kakansu na wajen uba ya rasu makonni biyu da suka wuce. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, ya bar mace ɗaya a raye, da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne masu yawa. Wasu a gidan suna cewa shekararsa 110, katinsa kuwa ya nuna an haife shi a 1940. Matashin yana so ya rubuta tarihin tsohon kafin sadakar arba'in, amma bai san ta inda zai ɓullo wa aikin ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ɗana, niyyarka ta yi mini daɗi ƙwarai, domin na daɗe ina zama da tsofaffin zangon Kumasi, wato unguwannin da baƙi suka zauna, ina ɗaukar labarinsu, kuma na sha ganin gidan da aka binne dattijo aka binne tarihin zuri'a gaba ɗaya tare da shi. Sai dai ka cire wa ranka cewa za ka gama kafin arba'in. Abin da za a karanta ran sadaka shafi ɗaya ya isa. Amfanin ranar a wurinka shi ne mutanen da za ta tara. 'Yan'uwan da za su zo daga Accra da Tamale da Salaga, wataƙila har da Kano ko Yamai, da wuya su sake haɗuwa a tsakar gida ɗaya, kuma cikinsu akwai waɗanda wannan ce ganinku ta ƙarshe. Saboda haka ranar ta zame maka ta tambaya da sauraro, rubutu ya biyo baya a hankali.

Ka kuma san cewa kai ka fi mahaifinka dacewa da wannan aiki. Ɗa yana jin nauyin iyayensa, ba zai iya zama gaban mahaifiyarsa ya ce mata yaya aka yi Baba ya fara zuwa zance wurinki ba. Jika kuwa abokin wasa ne. Kakarka da take kiran ka mijinta tun kana rarrafe za ta faɗa maka abin da ba za ta taɓa faɗa wa ɗan da ta haifa ba, tana dariya tana zagin ka. Al'ada ta buɗe maka wannan ƙofa, ka shiga da ladabi.

Mu ɗauki maganar shekaru, tunda ita ta fara raba kan gidanku. Ina kyautata zaton duka lissafin biyu ba daidai ba ne. Rajistar haihuwa ba ta zama dole a faɗin Ghana ba sai da dokar 1965, kuma ko bayanta mutanen zango da yawa ba su je ba. Yawancin tsofaffinmu ma'aikaci ne ya dubi fuskarsu ya yanka musu shekara ranar da suka je neman kati ko fasfon Makka. Wasu da kansu suka rage don neman aiki. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mu mutane ne masu ƙara wa tsoho shekaru don girmamawa, da ya haura 90 sai a ce ya wuce 100. Ga kuma bambancin kalanda: shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, don haka wanda ya ƙirga azumi 100 shekararsa 97 ce a lissafin gwamnati.

Hanyar da ake bi ita ce a jingina rayuwarsa da abubuwan da aka san ranarsu. Wanda ya kai 110 a yanzu an haife shi wajen 1915. Ke nan yana da shekara tara lokacin da Sarkin Asante Prempeh na ɗaya ya dawo Kumasi daga Seychelles a ƙarshen 1924, bayan Turawa sun ɗauke shi tun 1896. In a garin ya tashi, ba yadda za a yi yaro ɗan shekara tara ya manta wannan rana, kuma da ya ba ku labarinta har kun haddace. Kuma da yaƙin Hitila ya same shi magidanci, sa'an waɗanda aka kwasa soja aka kai ƙasar Burma. Ka taɓa jin ya yi irin wannan magana a matsayin abin da ya gani da idonsa? In kuwa 1940 ce gaskiya, shekararsa bakwai ranar husufin 20 ga Mayu 1947, da gari ya yi duhu da rana, kuma 17 ran samun 'yanci, 6 ga Maris 1957. To babban ɗansa ko babbar 'yarsa fa, an haife su kafin 'yanci ko bayansa? In kakarka ta ce tana goye da ɗan fari ranar da aka ɗaga tutar Ghana, 1940 ta faɗi.

Husufin 1947 shi ne ma'aunin da na fi dogara da shi ga mutanen wannan tsara, domin kowa ya tuna inda yake a ranar da abin da yake yi. Ka tambayi sa'o'insa: a lokacin an yi muku kaciya? Kuna makarantar allo ko kun sauke? Baba ya fara bin ubangidansa kasuwa? In aka ce a lokacin saurayi ne ɗan shekara 15 yana ɗaukar huhun goro, an haife shi ke nan wajen 1932, kuma ya rasu da shekara casa'in da 'yan kai. Akwai sauran turaku da za ka ɗaura labari a jikinsu. Girgizar ƙasar Accra a watan Yuni 1939. Harbin tsofaffin sojoji a Accra ran 28 ga Fabrairu 1948 da wawashe kantunan da ya biyo baya har Kumasi. Zuwan Shehu Ibrahim Inyas Kumasi a farkon shekarun 1950, wanda 'yan Tijjaniyya ba sa mantawa. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa sidi a 1965, da kifar da Nkrumah a Fabrairu 1966, da rasuwar Prempeh na biyu a 1970, da komawar tuƙi hannun dama a 1974. Tsohuwa ba za ta ce maka an haifi wane a 1965 ba, amma za ta ce da sabon kuɗi aka sayi ragon sunansa.

Sunan da ake kiran sa da shi a gida ma shaida ne. Ɗanladi ko Balarabe ko Ɗanjuma ya ba ka ranar mako, Ɗan'azumi ya ba ka wata, Tanko ya gaya maka mata ne suka gabace shi, Gambo kuma tagwaye, Audi kuwa bai tarar da mahaifinsa a raye ba. In ka gama bincike ka rubuta "an haife shi wajajen shekara kaza". Wannan ya fi mutunci a kan adadin da jikanka zai zo ya ƙaryata, kuma rage masa shekara goma sha bakwai bai rage masa komai a wurin Allah ba. Hadisi ya yabi wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa kuma ya yi kyau, bai yanka adadi ba.

Sai asali. Kada ka ɗauka cewa tunda da Hausa aka tashi a gidanku to lalle daga Kano aka zo. Zangon Kumasi ya tara Mossi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Barebari da Yarbawa da Gurunshi, Hausa ta haɗa su, aure ya cakuɗa su. Ko cikin waɗanda asalinsu ƙasar Hausa ne, da yawa ba kai tsaye suka zo Kumasi ba. Fataken Gwanja a Salaga suke sauke kaya su sayi goro, sai da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa garin mutane suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Yeji da Atebubu da Kintampo, wasu Accra. Kumasi ta cika da baƙi ne bayan Turawa sun karya ƙarfin Asante a 1896 da 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903. Daga baya goro ya riƙa bin teku zuwa Ikko ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi suna a kanta. Tunda Baba ɗan goro ne, ka tambaya ko gadon sana'ar ya yi. In gado ne, ka ji ko gidanku Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, domin waɗannan su ne suka riƙe fataucin goro. In ba gado ba ne, wane maigida ne ya sauke shi ya koya masa, ya ba shi jarin farko? Sau da yawa a gidan wannan maigidan ake samun rabin labarin. In yana da zane a fuska, ka nemi hoton da ya fito da shi sosai ka nuna wa tsohon wanzami.

Akwai shekarar da nake so ka tsaya a kanta da kyau, ita ce 1969. Ran 18 ga Nuwamba gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Ba gidan zango da wannan doka ba ta taɓa ba. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa taka Najeriya ko Nijar ba, suka sayar da gida da rumfa a wulaƙance suka hau manyan motoci. An raba wa da ƙane, an raba mata da miji. Waɗanda suka tsaya kuwa wasu sun canza garin haihuwa a takarda, wasu har suna. Don haka in ka ga takardun Baba suna karo da juna, ka fara duba nan kafin ka zargi kowa. Ka tambaya: shi ya tafi ya dawo, ko ya tsaya? Wa ya tafi bai dawo ba? Wa ya bar masa amanar gida ko ta yara, kuma yaya amanar ta ƙare? A irin wannan lokaci ake gane maigida, kuma a nan za ka iya gano cewa kuna da dangi a Kano ko Sakkwato ko Ogbomosho da ba ku taɓa jin sunansu ba. Sai 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, wadda a cikinta Najeriya ta koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya. Ka tambayi gwaggonninka me aka ci a gidan a shekarar, mutum nawa ake zuba wa, kuma ina Baba yake samowa. Haka rikicin siyasar shekarun 1950, lokacin da zango ya rabu tsakanin CPP, jam'iyyar Nkrumah, da masu goyon bayan jam'iyyar adawa ta NLM, har gwamnati ta kori Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba zuwa Najeriya a 1957. Tsofaffi sun san ɓangaren da kowane gida ya tsaya, ko da ba su cika son tayar da maganar ba.

Wa za ka fara tambaya? Mafi tsufa da mafi rauni, ba mafi iya magana ba. Kuma ka fara da mata. Maza za su ba ka labarin kasuwa da masallaci da sarauta, kuma za su gyara shi. Tsofaffin mata su ke riƙe da lissafin haihuwa da mutuwa da aure da saki. Su suka san 'ya'yan da suka rasu suna jarirai, da matar da aka rabu da ita tun kafin a haifi mahaifinka, da wanda aka ɗauko riƙo har ya zama kamar ɗan gida. Su kaɗai suka san wa ya sha nonon wa, wannan kuwa ya wuce tarihi, hukunci ne, domin shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa, kuma gida mai jikoki da yawa da ake auren zumunci yana bukatar a rubuta shi. Kakarka tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, kada ka zo mata da takarda da biro kamar ɗan jarida. Ka zauna kusa da ita da yamma, ka bar ta ta kawo zancen da kanta, za ta kawo. Ka tuna ba za ta ambaci sunansa ba, haka sunan ɗanta na fari, don haka in ta ce Malam ko Alhaji ko "shi", ka tabbatar wa take nufi. In akwai abin da take jin nauyin faɗa wa namiji, ka tura 'yar'uwarka jika.

Yadda ka yi tambaya shi zai yanke abin da za ka samu. In ka ce wane irin mutum ne Baba, za a ce maka mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, mai ibada. Gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowane mamaci, kuma tattaɓa-kunnen da bai san shi ba ba zai gan shi a cikin waɗannan kalmomi ba. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Ƙarfe nawa yake tashi, wa yake fara tayarwa? Koko da ƙosai yake karyawa da su ko shayi? A wane gefen sahu yake tsayawa? Yaya yake rabon naman Layya, gidan wa ake fara kai wa? In ransa ya ɓaci me yake cewa? In matan gida suka saɓa, ko 'yan haya, yaya yake raba su? Yaya yake gane goron da zai yi ajiya da wanda zai lalace a hanya? Wace asara ce ta fi girgiza shi a kasuwa, kuma wa ya tashe shi? In ya yi aikin hajji, ta jirgin sama ya je ko yana cikin waɗanda suka bi mota ta Chadi da Sudan suka yi shekaru a hanya? Tambayar da na fi so ita ce: mutum nawa suka tashi a gidan nan waɗanda ba shi ya haife su ba? Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Almajirin da ya yi wa aure, ɗan ƙanensa da ya biya wa makaranta, yaron da ya kai Suame koyon gyaran mota. A wurina wannan jerin sunaye shi ne ainihin tarihin magidanci a zango, kuma shi ne abin da ba a taɓa rubutawa.

Kada ka tsallake maƙwabtansa Asantawa da abokan cinikinsa na ƙauyukan goro. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana sayen goro a hannun iyali ɗaya yana da labari a can da ba a sani ba a Aboabo.

Takardu ba za su yi yawa ba, amma ka duba akwatinsa da gafakarsa. Malamai da 'yan kasuwar da sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'ya da ajami a bangon Alƙur'ani ko a cikin kundi. Akwai tsohon fasfo, da takardar fili, da rasit, da littafin bashi, da hotunan da mai hoto ya buga hatiminsa a baya. Duk wannan kayan gado ne yanzu, kada ka ɗauki ko tsinke ba da izinin magada ba. Ka ɗauki hotonsu da waya a gaban babban gida ka mayar. Ajamin kuma ka kai wa malamin da ya saba da rubutun tsofaffi. In bincike ya kai ka ga maganar fili ko shari'a ko sarauta, akwai ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati a Kumasi da ta Manhyia, fadar Sarkin Asante.

Za ka ji abin da ba ka nema ba. Wata rigimar gado, wani aure da ya mutu da ɗaci, wataƙila maganar asalin da ya taɓa bauta, domin Salaga kasuwar bayi ce kafin ta watse kuma ba gidan da zai rantse jininsa bai bi ta can ba. Ra'ayina shi ne kada ka rubuta ƙarya, amma ba duk gaskiya ce ta shiga takardar da za a raba ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Abin da zai tozarta mamaci ko ya kunyata rayayye ka bar shi. Amma halinsa na ɗan Adam, zafin ransa, tsananinsa a kan kuɗin cefane, yadda ya ƙi yarda 'ya'yansa na fari su shiga boko sannan daga baya ya sassauta, in haka ta faru, ka rubuta. Waɗanda suka zauna da shi za su karanta su ce wallahi shi ne, kuma ƙaunarsa za ta ƙaru. Inda mutum biyu suka saɓa a labari ɗaya, ka kawo duka biyun da sunan wanda ya faɗa, kada ka zama alƙali.

Tarihin nan ku zai amfana. Abin da zai isa gare shi a kabari daban ne, kuma littafin bashin da ka gani shi ne farko: a biya abin da ake bin sa kafin a raba gado, a zartar da wasiyyarsa in bai wuce sulusi ba. Bayan haka sai abubuwa ukun da hadisi ya ce ba sa yankewa, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. Na san malamanmu sun saɓa a kan taron arba'in, wasu suna yi wasu suna ganin ba shi da asali, kuma ba na so wannan ya raba gidan da tsohon ya yi rayuwarsa yana haɗawa. Abin da zan ce kawai, mun fara kwaikwayon maƙwabta wajen kashe dukiya a kan anko da rumfuna da riguna masu hoton mamaci. Rabin wannan kuɗi zai ja famfo a makarantar allon unguwa ko ya riƙe kakarku shekara guda. Akwai kuma hadisin da ya sa kyautata wa abokan mahaifi bayan rasuwarsa cikin mafi girman biyayya. Zumunta a ƙafa take. Zuwan da za ka yi gidan abokan Baba da ɗan goro a hannu don jin labari, shi kansa yana cikin wannan biyayya.

In za ka ɗauki murya, ka nemi izini, ka ajiye wayar a gefe inda ba za ta tsare wa mutum ido ba. Ka fara da faɗin ranar da sunan mai magana da dangantakarsa da marigayi. Kada ka katse tsoho in ya yi nisa, sau da yawa a can abin da kake nema yake, kuma kada ka wuce awa ɗaya a zama guda, gara ka dawo. Ka rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, da Hausar zango da Twi, yaren Asantawa, da ke cikinta, kada ka mayar da ita Hausar rediyo. Daga baya a yi ta Turanci saboda jikokin da ke Amurka da Jamus. Kada ka bar muryoyin a WhatsApp kaɗai, waya tana ɓata ko ta lalace. Ka kwafe su a kwamfuta, ka ajiye a intanet, ka buga rubutun a takarda ka ba gidaje uku daban, ɗaya daga ciki a wajen Kumasi. Salsalar kuma ka zana ta a babbar takarda ka manna a zaure ran arba'in da biro a rataye, ka roƙi duk wanda ya shigo ya duba reshensa ya gyara ya ƙara waɗanda aka manta.